Ranar da Ta Ƙi Faɗuwa: Daga Gwaram Zuwa Amurka

 

A makon nan zan ba ku labarin wata tafiya da muka yi ni da goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke aure a Gwaram. Tun da muka komo mata suke ta zuwa gidana a nan Birnin Kudu da tambaya guda: in mutum zai ƙetare babban tekun nan na Atlantika, jirgin rana ya fi ko na dare? A da wannan tambaya ta manyan mutane ce kaɗai, irin su Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya ziyarci Amurka a 1961. Yanzu kuwa 'ya'yanmu na zuwa karatu can, ana kai 'yan matanmu aure can, har tsofaffi ma tafiya na kama su. Tun da Allah ya sa mun ɗanɗana duka biyu, to ga abin da muka gani.

Autar Goggo ce ta haihu a birnin New York, inda mijinta ke aiki. Haihuwar fari ce. Bisa al'ada ita ya kamata ta zo gida wanka, amma nisa ya hana, sai ya zama gidan ne zai je wurinta. Goggo kuwa ko Kano ba ta cika zuwa ba, balle ƙetare. Sai surukinta ya shirya mana takardu tun da sauran watanni, aka ce in raka ta in komo.

Da na je Gwaram ɗaukarta, a cikin watan Yuni, na tarar ta ɗaure kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yajin jego. Ta zaunar da ni ta ce, "'Yar nan, sharaɗina guda ne. Ni ko kogin garin nan ba na ƙetare shi da dare in ya kawo. In za a bi da ni ta kan ruwan da kuka ce ba a ganin gaɓarsa, to a bi da ni da rana ina gani."

Na ce, "Goggo, ku kwantar da hankalinku. Zuwa dai da rana za mu ƙetare."

Gaskiya na faɗa mata. Yawancin jiragen da ke tashi daga ƙasashen Turai zuwa Amurka da rana suke tafiya, yawancin masu komowa kuwa da dare. Akwai kuma jirgin da ke miƙewa daga Ikko, watau Legas, har birnin Atlanta ba tsayawa, wanda kamfanin Delta ya fara a 2007, tafiyar wajen sa'a 12. Mu ta Ingila muka bi.

Muka bar Gwaram bayan sallar asuba. Wajen sa'a guda muka iso Birnin Kudu, muka karya kumallo, muka kama hanyar Kano, mil 80 ko kusa da haka. Muka haye gadar Wudil, kafin azahar muna Kano. Nan muka kwana. Kashegari muka shiga jirgi zuwa Ikko, da dare kuma muka shiga wani, muka kwana a zaune sa'a 6 da wani abu, gari na wayewa muna Landan. Ku lura da wannan tun yanzu: mutumin ƙasarmu da ya bi ta Turai, jirginsa na rana bayan na dare yake zuwa, da gajiya yake shigarsa.

Ƙarfe 11 na safe muka tashi daga Landan. A wannan lokaci na shekara agogon Ingila da namu daidai suke, saboda haka Goggo ba ta taɓa agogon hannunta ba. Tana gefen taga, ta riƙe carbi. Muka ga koren ƙasar Ailan a ƙarƙashinmu, daga nan sai ruwa, sai gizagizai kamar an baza auduga a tabarma. Aka ce muna bisa ƙafa 35,000. Aka kawo abinci muka ci.

Da agogon Goggo ya nuna ƙarfe 2, sai ta taɓa ni ta ce mu yi azahar. Na ce, "Goggo, ku dubi rana." Ta ɗaga murfin taga, ga rana ko tsaka ba ta yi ba. Ta yi shiru. Ƙarfe 4 ta sake dubawa, rana na nan kamar an kafe ta da ƙusa. Da ƙarfe 6 ya wuce sai hankalinta ya tashi ƙwarai, ta ce, "Inna lillahi! Yanzu a Gwaram an yi azahar, an yi la'asar, ana shirin kiran magariba, ni ban kai goshina ƙasa ba. Wannan rana ta ƙi faɗuwa, ko tashin duniya za a yi muna sama?"

'Yan makaranta, ga wurinku. Ku ɗauki lemo, ku kunna fitila a ɗaki mai duhu, ku riƙa juya lemon a hankali. Gefen da ya fuskanci fitila shi ne rana, ɗayan kuwa dare. Haka duniya ke juyawa daga yamma zuwa gabas, tana kammala zagaye a sa'a 24. Saboda haka mutanen gabas ke riga na yamma ganin fitowar rana da faɗuwarta. Ai ko da azumi kun san haka: mutanen Gwaram na riga na Kano shan ruwa da minti 5 ko 6, suna riga na Sakkwato da kusan minti 20, su kuma na Maiduguri sun riga mu. To New York na can yamma da nisa, har agogonsu na bayan namu da sa'a 5 a lokacin zafinsu, sa'a 6 a lokacin sanyinsu. Jirgin da ya nufi yamma bin rana yake yi a guje. Ba ya kamo ta, amma ba ta tsere masa da sauri.

Haka na bayyana wa Goggo, na kuma tuna mata abin da malamin da muka tambaya a Birnin Kudu ya gaya mana, cewa lokacin salla yana bin ranar wurin da mutum yake, ba agogon garin da ya baro ba. Muka sauka bayan sa'a 8. Agogon Goggo na cewa ƙarfe 7 na yamma, na bangon filin jirgi na cewa ƙarfe 2 na rana. Muka sami wuri muka yi azahar ɗinmu a ƙasa, a tsaye, cikin lokacinta, muka yi ƙasaru irin na matafiya. Goggo ta shafa addu'a ta ce, "Ikon Allah sai kallo."

Wannan shi ne amfani na farko da na gani ga jirgin rana mai zuwa yamma: ba sallar da ta same mu a sama. Na biyu, mun sauka ido buɗe, gari da haske. Ma'aikatan kwastan sun tambaye mu abin da ke cikin kaya, muka faɗa musu ɗaya bayan ɗaya, suka duba suka bar mu. Nama dai ba a shiga da shi ƙasar, saboda haka kada wadda ta ɗauki kilishi, kada kuma ta ɓoye abin da ta ɗauko na ci. Irin wannan tambaya tana son mutum da hankalinsa a jikinsa. Na uku, da rana mutum ba ya jin nauyin tashi ya taka a tsakanin kujeru. Likitoci sun ce dogon zama wuri guda na kumbura ƙafa, har jini kan daskare a jijiya, musamman ga tsofaffi da masu juna biyu da masu jiki. Da rana kowa idonsa biyu, sai ki ce wa na kusa da ke gafara ki wuce. Da dare kuwa kunya kan hana ki ta da mai barci.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Ranar nan ba ta faɗi a New York ba sai wajen ƙarfe 8 da rabi, watau ƙarfe 1 da rabi na dare a agogon Gwaram. Tun daga fitowarta a Landan har faɗuwarta a can, mun yi fiye da sa'a 20 cikin hasken rana. Goggo ta ɗauki jikanta tana yi masa wasa tana gyangyaɗi, har mai jego ta karɓe shi don kada ya suɓuce. Da a watan azumi ne da mun sha wuya, gama mai azumi a jirgi ba ya shan ruwa sai ranar da yake gani ta faɗi. Addini dai ya yi wa matafiyi sauƙi, yana iya ajiyewa ya rama. Wadda tafiya irin wannan za ta kama cikin Ramalana ta tambayi malami tun tana gida. Har wa yau, na ga wata mata da yara biyu a bayanmu. Sa'a 8 cur ba wanda ya runtsa a cikinsu, wannan ya yi kuka, wancan ya zubar da ruwa, har ta sauka kamar wadda ta wuni tana surfe. Sa'an nan ganin da Goggo ta ce tana so, kaɗan ta samu, domin bayan an ci abinci sai aka roƙi mutane su rufe tagogi saboda masu son barci.

Bayan mako 2 na bar Goggo can na kamo hanyar gida ni kaɗai, a jirgin dare. Ƙarfe 7 na yamma muka tashi. Komowa ta fi zuwa sauri, sa'a 7 ce, domin akwai wata iska mai ƙarfi can sama da ke busowa daga yamma zuwa gabas, tana tura jirgi ta baya. Na ce a raina, madalla, in yi barci in farka a Landan. Ashe ban san dawan garin ba. Yanzu gabas muka nufa, muna gudu mu tari rana. Ba mu daɗe da tashi ba ta faɗi, na yi magariba a zaune. Aka kawo abinci, aka kwashe kwanuka, na yi lisha, aka kashe fitilu. Ina cikin neman yadda zan ajiye wuyana, sai na ga gabas ta yi ja. Jiragen nan ta arewa suke lanƙwasawa, ta gefen Kanada, domin a kan abu mai kewaye kamar lemo nan ne hanya ta fi gajarta, kuma a can arewa daren lokacin zafi ɗan kaɗan ne. Magariba da lisha da asuba duk suka same ni a kujera guda. Muka sauka ƙarfe 7 na safe, jikina kuwa na cewa ƙarfe 2 na dare ne. In na yi barci, bai wuce na sa'a 2 ba.

Kada in ɓata jirgin dare baki ɗaya. Bai ci mini wuni ba: na yi sallama da mai jego a natse, na ci abincin rana da su. Ban biya kuɗin masauki a Ingila ba, domin da hantsin nan na sami jirgin Ikko. Jarirai kuma da ke cikin jirgin duk sun yi barcinsu, iyayensu suka huta. Irin waɗannan jirage suna da yawa, in wannan ya wuce ki akwai na bayansa. Kamfanoni sun fi son su domin suna isa da safe, lokacin da jiragen sauran ƙasashe ke shirin tashi, kowa ya sami nasa.

Na isa Ikko da magariba kamar wadda aka yi wa duka, na kwana. Kashegari jirgin Kano ya yi latti, ban sauka ba sai bayan la'asar. Nan na yi wautar da nake so ku guje mata. 'Yan'uwa suka ce in kwana, na ƙi, ɗokin gida ya ɗebe ni. Muna wuce Wudil duhu ya rufe, hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ga manyan motoci na haske mana ido, ga direba ba ya ganin gabansa sosai, ga ni barci na fizgata ina farkawa a firgice. Sau biyu muka kusa faɗawa gefen hanya. Ba mu shiga Birnin Kudu ba sai ƙarfe 10 na dare. Na ƙetare teku mil 3,000 da ɗoriya ban ji tsoro ba, sai a mil 80 na ƙofar gida na yi ta salati. Bayan haka na yi kusan mako guda ina barci da hantsi, ina ido biyu da tsakar dare, tuwo na ƙonewa ina zaune. Masana sun ce jiki kan ɗauki wajen kwana guda kafin ya saba da kowace sa'a guda ta bambancin agogo, kuma zuwa gabas ya fi wuyar sabo.

Goggo kuwa sai da aka yi arba'in ta taso, a farkon Agusta, surukinta ya rako ta. Ta kafe a kan sharaɗinta, sai da ya nemo mata jirgin rana. Akwai 'yan kaɗan da ke tashi da safe daga New York da wasu biranen gabashin Amurka zuwa Landan. Ta ce tun ƙarfe 4 na asuba suka tashi, jirgi ya ɗaga ƙarfe 8. Wannan karon rana gudu ta yi ta yi mata. Ta yi azahar, ba ta gama jan carbi ba aka ce la'asar ta yi. Suka sauka ƙarfe 8 na yamma, ta yi magariba a ƙasa, ta ci tuwo a gidan wani abokin surukin, ta miƙe ƙafa a kan gado ta yi barci. Dare mahutar bawa. Kashegari suka taso, suka kwana a Ikko, suka kwana a Kano, suka yi sammako. Da hantsi ta hango duwatsun Birnin Kudu, inda Dutsen Mesa da Dutsen Habude suke, masu zanen shanu na mutanen da. Ta tsaya gidana ta sha fura, kafin azahar tana Gwaram. Da la'asar aka gan ta a gona tana duba gyaɗarta.

Ita ma ta biya kuɗin wannan hutu. Wuni guda cur ya tafi a zaune cikin jirgi. Ta fi ni daɗewa a hanya. Wanda ya sauka Landan da dare yakan tarar yawancin jirage sun tashi, gama ana taƙaita tashi da sauka a babban filin jirginsu daga ƙarfe 11 da rabi na dare zuwa 6 na safe. Dole a kwana, kwana kuwa na son masauki, ko na kuɗi ko na ɗan'uwa, yana kuma son takardar iznin fita daga filin jirgi, wadda ake bincika batunta tun kafin a sayi tikiti. Tun da kuma jiragen ba su da yawa, in aka soke na safe, sai mutum ya koma na daren da ya guda.

To, 'yan'uwa, ga shawarata. Wadda za ta yi irin wannan tafiya ta fara lissafi daga ƙofar gidanta ta yi baya. Ta tambayi kanta, ƙarfe nawa zan bi hanyar Wudil zuwa Birnin Kudu, ko ta Birnin Kudu zuwa Gwaram? In amsar ta faɗa bayan magariba, to a ƙara kwana a Kano. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Bayan wannan sai a dubi mai tafiyar. Tsohuwa, da mai ciwon ƙafa, da wadda ba ta iya barci a zaune, jirgin rana ya fi musu, in akwai halin masauki. Mai goyo da mai ƙananan yara, na dare ya fi musu sauƙi, a kuma ba jariri nono lokacin tashi da sauka don kada kunnensa ya yi ciwo. 'Yar makaranta mai ƙuruciya da ƙaramin guzuri ta bi na dare, ta yi haƙuri da gajiyar kwana biyu. Mai juna biyu ta ga likita tukuna, domin kamfanoni da yawa na neman takardarsa in ciki ya wuce mako 28, ba sa kuma ɗauka in ya kai wajen mako 36. Kowa dai ta yi alwala kafin ta shiga, ta sha ruwa da yawa, ta juya agogonta zuwa na garin da za ta.

'Yan makaranta kuma ku riƙe wannan. Mace ta farko da ta tuƙa jirgi ita kaɗai ta ƙetare wannan teku ita ce Amelia Earhart, 'yar Amurka, a watan Mayu na 1932. Da yamma ta tashi, ta kwana a sama, ta sauka a wata makiyaya a arewacin Ailan bayan kusan sa'a 15. Jirage masu sauri irin na yanzu ba su fara ɗaukar fasinja a kan tekun ba sai 1958. Ku dage da darasin labarin ƙasa da lissafi, domin da su ne na kwantar wa Goggo da hankali a sararin sama.

Ranar kasuwar da ta wuce na je Gwaram gaishe ta, na tarar mata sun kewaye ta a tsakar gida, ta riƙe lemo a hannu guda, fitila a ɗayan, tana nuna musu yadda rana ta ƙi faɗuwa. Wata tsohuwa ta ce ita ba ta yarda ba. Goggo ta ce, "Gani ya kori ji. Allah ya ba jikarki miji a can, ki je ki gano."

Wadda ke da tambaya ko ta taɓa yin irin wannan tafiya ta rubuto mana ta hannun Edita, mu ƙaru da juna. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya so.